Yadda Ake Amfani da Antibayotik ga Mai Ƙuna a Asibiti Ba Tare da An Koya wa Ƙwayar Cuta Taurin Kai Ba

Da zarar hunturu ya sauka a Zamfara, daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Fabrairu, duk mai aiki a asibiti ya san irin baƙin da zai riƙa karɓa. Akwai yaron da ya jawo tukunyar ruwan wanka ta kife masa, da tsohuwar da zanenta ya kama wuta tana jin ɗumi a gaban kasko, da mai jegon da zafin ruwan wankanta ya wuce kima, da mai farfaɗiyar da ciwonsa ya tashi a bakin murhu. Ƙunar fetur kuwa ba ta jiran hunturu, muddin ana ajiye jarkar mai a ɗakin kwana, ana kuma zuba wa janareto mai yana cikin aiki. Abin da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Kafin a iso asibiti an riga an tsaya a kemis an sayi Ampiclox, wanda antibayotik ne, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, wani lokaci ma an fasa kafso an barbaɗa garinsa a kan ƙunar. Idan an iso, tun ba a gama auna girman ƙunar ba an rubuta allurar seftiriyazon da ruwan Flagyl, su ma antibayotik ne. Hankalin dangi ya kwanta, ma'aikaci ma yana ganin ya sauke nauyi. Sai bayan mako guda ko kwana goma, lokacin da ƙwayar cuta ta shiga nama da gaske, a tarar maganin da ke hannu ya daina yi mata komai.

An rubuta wannan bayani ne domin ma'aikatan jinya, da jami'an lafiya na ƙananan asibitoci, da sababbin likitoci, da kuma dangin da ke kwana a gefen gadon majiyyaci, a wurare irin su Ƙaura Namoda, Talata Mafara, Gummi, Anka da Tsafe, inda sau da yawa ba a samun likitan tiyatar ƙuna a kusa. Zaɓen magani da ƙayyade yawansa aikin likitan da ya ga majiyyaci ne, amma sanin dalilin bayarwa da dalilin hanawa ya shafi kowa da ke cikin ɗakin.

Abin da ke faruwa a cikin mikin ƙuna

A sa'o'in farko mikin ƙuna kusan ba shi da ƙwayar cuta, domin zafin da ya ƙona fata ya kashe abin da ke kanta. Cikin kwana biyu bakteriyar da ta ɓuya a ramukan gashi da na zufa takan fito ta mamaye wurin, galibi wadda takardar ɗakin gwaji ke kira Staphylococcus aureus, da kuma dangin Streptococcus. Daga wajen kwana biyar zuwa bakwai sai wasu su karɓe filin, waɗanda suka fito daga hanjin majiyyacin kansa, ko daga ruwa, gado, da hannun ma'aikata: Pseudomonas aeruginosa, Klebsiella, Escherichia coli da Acinetobacter baumannii. Idan jinya ta daɗe, an kuma sha magunguna masu faɗin kisa, sai ƙwayoyin fungas irin su Candida su samu wuri. Wannan jerin yana da muhimmanci saboda maganin da aka ba da a rana ta ɗaya yana faɗa ne da abokin gabar da bai iso ba tukuna.

Akwai wani dalili na biyu da ya fi wannan ƙarfi. Fatar da ta ƙone ta mutu ba ta da jijiyar jini, maganin da aka sha ko aka yi allurarsa kuwa ta jini yake tafiya. Saboda haka ba ya isa cikin matacciyar fatar da yawan da zai kashe bakteriya, sai dai ɗan kaɗan ya tsiyaya a gefe, kuma wannan ɗan kaɗan ɗin shi ne mafi haɗari. Yana kashe raunanan ƙwayoyi, ya bar masu juriya su gaji wurin. A yanayi mai ɗumi da danshi irin na miki, wata bakteriyar kan rabu biyu cikin abin da bai fi rabin awa ba, kuma bakteriya na iya miƙa wa wata dabam sirrin bijirewa magani kamar yadda ake miƙa laya daga hannu zuwa hannu. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, ya yi gargaɗi a kan wannan tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, inda ya nuna cewa maganin da bai kai ƙima ba yana horar da ƙwayar cuta ne. A 1961 aka fara ba da rahoton Staphylococcus mai bijire wa maganin metisilin, ɗan gidan fenisilin, a Ingila, wanda yau ake kira MRSA, kuma ya bazu a faɗin duniya.

Lamarin bai yi nisa da mu ba. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 sun mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani idan aka auna da yawan jama'a shi ne Afirka ta Yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ƙiyasta mutuwar kimanin mutum 180,000 a shekara saboda ƙuna, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Mai babbar ƙuna da ya tsallake kwanakin farko, abin da ya fi kashe shi daga baya shi ne shigar ƙwayar cuta cikin jini ko huhu.

Ranar farko: ruwa, tsafta da awo

Idan ba a wuce awa uku da ƙonewa ba, a zuba ruwa mai sanyi na famfo ko na randa a kan wurin har tsawon minti ashirin. Kada a sa ƙanƙara, domin tana matse jijiyoyin jini ta ƙara zurfin ƙunar. A cire zobe, awarwaro da tufafin da bai manne ba kafin kumburi ya taso. A lokacin ɗari a kula ƙwarai da ƙananan yara: wurin da ya ƙone kaɗai ake sanyayawa, sauran jiki a lulluɓe shi. Duk abin da aka shafa a gida, ko ɗanyen ƙwai ne, ko man goge baki, ko baƙin mai, ko toka, ko garin kafso, a wanke shi a hankali da sabulu marar ƙarfi da ruwa mai tsafta ko ruwan gishirin asibiti, bayan an ba da maganin rage zafin ciwo ya kama jiki. A tambayi dangi cikin girmamawa abin da aka shafa da abin da aka sha, da kwana nawa aka yi ana sha, a rubuta. Idan aka fara da faɗa za su ɓoye, alhali likita na buƙatar wannan labarin wajen zaɓen magani nan gaba.

Daga nan a auna girman ƙunar. Tafin hannun majiyyacin tare da yatsunsa ya kai kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na fatar jikinsa, kuma jan da bai tashi bororo ba ba ya shiga lissafi. Ƙunar da ta haura kashi 10 a yaro ko kashi 15 a babba tana buƙatar ƙarin ruwa ta jijiya, ana lura da yawan fitsari awa bayan awa. A yi allurar rigakafin tetanus, wato cutar sarƙe haƙora, musamman ga wanda aka shafa wa ƙasa, toka ko kashin shanu. Ƙunar fuska, tafin hannu, al'aura, gaɓoɓi, wadda ta zagaye hannu ko ƙirji, ƙunar lantarki, da wanda ya shaƙi hayaƙi a rufaffen ɗaki, duk na babban asibiti ne: Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, daga can kuma idan ta kama a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A fara ƙarin ruwan kafin a hau hanya, domin tafiya a Zamfara a 'yan shekarun nan ba ta da tabbacin lokaci.

A cikin duk wannan aikin babu antibayotik na sha ko na allura. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Masu Kula da Ƙuna ta Duniya ta fitar a 2016, waɗanda aka tsara su da tunanin ƙasashe irin namu, sun ce kada a ba mai sabuwar ƙuna wannan magani da sunan rigakafi. Nazarin da aka tattara bai nuna yana hana miki lalacewa ba, ya dai nuna yana iya ƙara yawan ƙwayoyi masu taurin kai. Wurin da aka yarda da shi a matsayin rigakafi shi ne lokacin tiyata: allura kafin a fara yanka da ƙasa da awa guda, kuma ba a zarce kwana ɗaya ana yi.

Zazzaɓi ba shi ne hujja ba

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma ina ganin uzurin masu yin sa. Jikin mai babbar ƙuna yana zafi a kwanaki biyu ko uku na farko ko da babu ƙwayar cuta ko ɗaya, bugun zuciyarsa yana sauri, fararen ƙwayoyin jininsa suna hawa, duk saboda faɗan da jiki ke yi da raunin. Ma'aikacin da ya ga ma'aunin zafi ya nuna 38 zai ji tsoron zama bai yi komai ba. Abin da ya kamata ya yi shi ne bincike. A yi gwajin maleriya tukuna, domin a ƙasarmu ƙuna ba ta hana sauro cizo. A duba wurin da aka sa kanula, wato robar ƙarin ruwa da ke cikin jijiya, ko ya yi ja ko ya kumbura. A duba robar fitsari, a tambayi kai ko har yanzu ana buƙatarta. A saurari ƙirji. Sannan a buɗe mikin gaba ɗaya a kalle shi da haske mai kyau.

Kowane mikin ƙuna da ya kwana biyu yana ɗauke da bakteriya a samansa, kuma wannan kaɗai ba ciwo ba ne da ke neman allura. Abin da ke nuna ƙwayar ta shiga lafiyayyen nama shi ne ja mai zafi da kumburi da ke yaɗuwa daga bakin mikin zuwa fatar da ba ta ƙone ba, ko ƙunar da jiya take ja mai danshi yau ta koma fara ko baƙa ta zurfafa, ko ɗigo-ɗigon baƙi ko shuɗi-shuɗi a cikinta, ko matacciyar fata ta saki da wuri ƙarƙashinta cike da mugunya, ko ciwon da ya ƙaru ba tare da dalili ba. Idan akwai alƙalami, a zagaye iyakar jan a fata, a rubuta lokaci, a dawo bayan awa shida ko goma sha biyu a ga ko ya ƙetare layin. Bandejin da ya rine kore-kore mai wani wari na daban alamar Pseudomonas ce, amma idan majiyyacin yana cin abinci, yana hira, gefen mikin kuma lafiya lau, maganin shafawa da yawaita wanki ne amsar.

Alamomin shiga jini sun fi bayyana a halin majiyyacin. Zafin jiki ya haura 39 ko ya faɗi ƙasa da 36.5, numfashi ya ƙara sauri, fitsari ya ragu, cikinsa ya kumbura ya ƙi karɓar abincin da jiya yake karɓa, sukarin jini ya hau ba tare da yana da ciwon sukari ba, hankalinsa ya fara gushewa. Sau da yawa uwa ko matar da ke jinya ce ke fara lura, sai ta ce yau dai ba ta gane masa ba, kuma wannan magana ta cancanci a tashi a duba nan take. Akwai kuma tarko guda a ƙananan yara: ƙuna ƙarama, wadda ba ta kai a damu ba, bayan kwana biyu zuwa huɗu yaro ya tashi da zazzaɓi mai tsanani, amai, gudawa, ƙuraje da kasala. Gubar Staphylococcus ce ke haddasa wannan, yana kisa da sauri, kuma a nan jinkirta ƙarin ruwa da antibayotik shi ne kuskuren.

Idan ta tabbata ana buƙatarsa

A ɗauki samfuri kafin allurar farko. Jini a kwalbar gwaji, bayan an goge fata sosai, daga wurin da bai ƙone ba idan zai yiwu. Na miki kuma a wanke shi da ruwan gishiri tukuna, a cire man shafawa da mugunyar sama, sannan a danna sandar auduga a kan nama mai rai, a juya ta na daƙiƙa biyar a fili kamar faɗin farce har ruwa ya ɗan fito. Wanda ya dangwali mugunyar da ke kan bandeji ya aika, sakamakon da zai dawo masa labarin bandeji ne. A rubuta a takardar gwaji cewa ƙuna ce, kwananta nawa, da magungunan da aka riga aka sha. Idan majiyyacin yana cikin mawuyacin hali, ɗaukar samfurin ba zai ci fiye da 'yan mintuna ba, kuma a sa maganin cikin awa guda ba tare da jiran sakamako ba.

Zaɓen farko yana bin kwanakin ƙunar da kuma abin da aka saba gani a wannan asibitin. A makon farko, ga wanda bai taɓa kwanciya a asibiti ba, hankali yana kan Staphylococcus da Streptococcus, kuma maganin da ba shi da faɗin kisa irin kuloksasilin yakan wadatar. Bayan mako guda a gadon asibiti dole a yi tunanin Pseudomonas. A nan ne al'adar rubuta seftiriyazon ga kowa ke ba da kunya, domin ba ya kashe Pseudomonas, ba ya kashe MRSA, yana kuma share fage ga Klebsiella da Escherichia coli masu narkar da danginsa baki ɗaya. Flagyl kuwa aikinsa a kan bakteriyar da ba ta son iska ne, wadda ba ita ce matsalar yawancin ƙuna ba. Masu taɓa Pseudomonas su ne irin seftazidim, fiferasilin da tazobaktam, amikasin, jentamisin, sifurofuloksasin da merofenem, gwargwadon abin da gwaji ya nuna tana ji. MRSA yana buƙatar irin bankomaisin.

Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na farawa da su a cututtukan yau da kullum, na sa ido waɗanda ba a bayarwa sai da dalili, da na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai komai ya gaza. Seftiriyazon, sifurofuloksasin da merofenem duk suna gida na biyu, kolistin yana na uku. Acinetobacter da ta bijire wa dangin merofenem tana sahun gaba a jerin ƙwayoyin da hukumar ta fi tsoro, a jerin 2017 da na 2024. Idan ta zauna a ɗakin masu ƙuna, abin da ya rage sau da yawa shi ne kolistin, mai tsada, mai wuyar samu, mai cutar da ƙoda.

Bayan kwana biyu ko uku sakamako zai dawo, kuma wajibi ne wani ya je ya karɓo shi, ya karanta, ya yi aiki da shi. Idan ƙwayar tana jin ƙaramin magani, a sauka zuwa gare shi ko da majiyyacin yana samun sauƙi a kan babban. Idan babu abin da ya tsiro, jikin kuma ya daidaita, a tsayar. A rubuta ranar farawa, dalilin farawa, da ranar da za a sake dubawa a saman takardar magani inda kowa zai gani. Yawancin lokuta, idan an cire tushen cutar, mako guda zuwa kwana goma ya isa, kuma ba a ci gaba da allura don kawai miki bai rufe ba.

Yawan maganin ma yana da nasa sharaɗin. Bayan kwana biyun farko jikin mai babbar ƙuna yana aiki kamar injin da aka taka wa totur, ƙodarsa tana fitar da magani da sauri, wani kuma yana zuba ta mikin, don haka adadin da ya ishi wani majiyyaci shi bai ishe shi ba. A auna nauyinsa, a ba da cikakken adadi, a kan lokaci. Allurar da aka ce duk awa takwas ba ta zama sau biyu a rana don dare ya yi. Masu karɓar jentamisin, amikasin ko bankomaisin a riƙa gwada ƙodarsu, a tambaye su ko jinsu ya ragu ko suna jin jiri.

Sai maganar kuɗi, wadda ba ta cikin littattafan likitanci amma ita ce ke yanke hukunci a asibitocinmu. Dangi kan sayi allurar kwana biyu, kuɗi ya ƙare, a tsallake kwana ɗaya ana jiran a sayar da akuya, sannan a dawo. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Tun ranar farko a zauna da mai ɗaukar nauyi a gaya masa kuɗin maganin daga farko har ƙarshe, domin a zaɓi abin da za a iya kammalawa. Kuɗin da ba a ƙona a kan alluran rigakafin da ba su da amfani a makon farko ba, shi ne zai sayi maganin gaske a mako na biyu, ya biya gwaji, ya sayi ƙwai da madara. A sayi magani a kantin asibiti ko wurin mai lasisi, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, domin jabun magani mai rabin ƙarfi yana yin ɓarnar da tsallake allura ke yi.

Abin da ake sa wa mikin kansa

Tunda magani ta jini ba ya isa matacciyar fata, daga sama ake yaƙar bakteriyar da ke kanta. Man azurfa da salfa, wanda aka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1960, wanda mutanenmu suka fi sani da sunan Dermazin, yana da amfani a ƙuna mai zurfi. Ana shafa shi da kauri, a wanke tsohon gaba ɗaya kafin a sa sabo. Ba a sa shi a fuska, ko ga jariri ɗan ƙasa da wata biyu, ko mai cikin da ta kusa haihuwa, ko wanda salfa ba ta karɓe shi ba, kuma a ƙuna marar zurfi yana iya jinkirta warkewa, inda ƙyallen da aka jiƙa da man baselin ya fi dacewa. Zuma tsantsa tana da gurbi na gaske a ƙuna marar zurfi sosai, an gwada an ga tana saurin warkar da ita, da sharaɗin ta kasance ba a gauraya ta da sukari ko ruwa ba, ma'aikaci ne kuma zai sa ta a kan wankakken miki. Ga koren Pseudomonas, ruwan khal da aka tsarma har sinadarin tsaminsa, wato asetik asid, ya zama kimanin kashi ɗaya cikin ɗari yana aiki, ga araha, sai dai yana da zafi, don haka a riga shi da maganin ciwo. Maganin shafawar nan na jibi (GV) mai launin shuɗi yana rufe wa likita ido, ya hana a gane zurfin ƙunar da canjin launinta. Garin kafso da ruwan allurar jentamisin da ake zubawa a miki su ne hanya mafi sauri ta ɓata magungunan da za a nema gobe ta jijiya.

Ƙunar da ta cinye kaurin fata gaba ɗaya ba ta da magani sai wuƙa. Wata likitar tiyata 'yar Sulobeniya, Zora Janžekovič, ita ce ta yaɗa a wajen 1970 dabarar fere matacciyar fata da wuri a dasa sabuwa daga wani sashen jiki, kuma wannan ya rage mutuwar masu ƙuna ƙwarai. Duk mikin da aka ga ba zai rufe cikin mako biyu zuwa uku ba, a tura shi wurin masu dashen fata. Riƙe shi wata biyu ana canja allura daga wannan zuwa waccan yana tara wa ɗakin ƙwayoyi masu taurin kai, majiyyacin kuma ya tashi da gaɓa a maƙale.

Abinci ma magani ne a nan. A fara ciyarwa tun ranar farko idan hanji yana karɓa, ko da ta robar hanci ce, domin hanjin da aka bari babu komai yana sakin bakteriyarsa cikin jini. Ƙwai, madara, nono, wake, waken suya, kifi, nama da kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Camfin cewa ƙwai ko gyaɗa suna sa miki ruwa ba shi da tushe.

Hana ƙwaya tsallakawa daga gado zuwa gado

Mafi yawan ƙwayoyin da ba sa jin magani majiyyaci bai zo da su daga gida ba, a ɗakin ya same su. Pseudomonas tana son danshi: bahon wanka, bokiti, bakin famfo, tsumman goge ƙasa, har da kwalbar maganin wanke ciwo da aka daɗe ana ƙara mata ruwa. Acinetobacter kuwa tana iya yin makonni a busasshen wuri, kamar ƙarfen gado, katifar da ledarta ta yage, da abin awon hawan jini. Saboda haka kowane majiyyaci da nasa baho da bokiti, a wanke da ruwan kulorin a kife su bushe. A fara wankin ciwo da masu tsaftataccen miki, a ƙare da masu mugunya. Wanda gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙwaya mai taurin kai a ware shi, idan babu ɗaki a kai shi gadon ƙarshe da kayan aikinsa na kansa. Safar hannu ɗaya ba ta zagaya gadaje biyu, kuma sa ta ba ya ɗauke wajibcin tsaftace hannu kafin da bayan taɓa kowane mutum: daƙiƙa 20 zuwa 30 da man goge hannu mai sinadarin alkohol, ko 40 zuwa 60 da sabulu da ruwa. Inda famfo ba ya kawo ruwa, bokiti mai famfo a bakin ƙofa yana yin aikin. A rataya gidan sauro dare da rana saboda ƙuda.

Dubiya ibada ce kuma zumunci ne, ba wanda zai ce a daina. Amma mutum goma a kan gado ɗaya, kowa ya ɗaga mayafi ya ga ciwon, wani ya tofa addu'a a kansa, haɗari ne ga wanda ba shi da fatar da za ta kare shi. Umarni ba ya aiki a nan kamar lallashi. A samu babban gidan a keɓe, a ce masa: “Baba, wannan ciwon ƙofa ce a buɗe, duk abin da ke hannunmu yana iya shiga. Ku taimake mu a bar mutum ɗaya ko biyu su yi jinya, sauran su yi addu'a daga bakin ƙofa.” Ga uwar da ke ƙorafin ba a yi wa ɗanta allura ba kuma a ce: “Inna, allurar tana nan mun ajiye masa. Idan muka yi ta yau ba ya buƙata, ranar da zai buƙace ta ba za ta yi masa aiki ba.” A nuna mata alamomin da za ta sa wa ido, ta zama abokiyar aiki. Idan ba a yi mata bayani ba, kemis yana bakin ƙofar asibiti.

Nijeriya tana da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta tun 2017, ƙarƙashin jagorancin NCDC, hukumar yaƙi da yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, an kuma sabunta shi a 2024, kuma makon wayar da kai na duniya a kan lamarin yana faɗowa ne daga 18 zuwa 24 ga Nuwamba, daidai bakin hunturu. Wannan lokaci ne mai kyau da kowane ɗakin jinya zai zauna ya duba bahonsa, katifunsa da ɗabi'ar rubuta maganinsa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da ya fi sauƙin farawa shi ne littafi guda mai layi, a ajiye shi a teburin nas. Duk sakamakon gwajin da ya dawo a rubuta kwanan wata, lambar gado, kwanakin ƙunar, sunan ƙwayar, magungunan da take ji da waɗanda ba ta ji. Bayan wata shida likita da mai gwaji da mai haɗa magani su zauna su ƙirga, su fitar da takarda ɗaya da ke cewa a wannan ɗakin ga abin da za a fara da shi a makon farko, ga na bayan mako guda, su manna ta a bango. Idan za a tura majiyyaci Gusau ko Sakkwato, a kwafe layinsa daga littafin a cikin takardar turawa, tare da sunan kowane magani da ya karɓa da adadin kwanakinsa, har da wanda aka saya a kemis kafin ya zo.